Kamu Huɗu na Alawayyo

Sana'ata a Makka a wancan zamani sayar da likkafani ce, kuma ban taɓa jin kunyar faɗi ba. Alhazai kan sayi farin alawayyo, a jiƙa shi da ruwan Zamzam, a shanya ya bushe, su ninke su tafi da shi gida, ya zauna a ƙasan adaka har ranar da za a naɗe su a ciki. Ni ke yankawa, ni ke jiƙawa, ni ke shanyawa. Rumfata tana kasuwar Misfala, gidana kuwa yana can ƙololuwar dutse a Nakkasa, inda akuya ma sai ta huta sau biyu kafin ta kai. Da ƙafa iyayena suka zo da ni ta Cadi da Sudan, muna tafiya muna tsayawa noma, har na yi gemu a hanya. Larabawa Takruni suke kiranmu, kuma ba da yabo suke faɗa ba.

Shekara kaɗan bayan ƙasarmu ta sami 'yancin kai, wani baƙo ya kama ɗakin da ke jikin bangona. Gajere ne mai faɗin fuska, ɗinkin hula yake yi, sallah ba ta wuce shi. Da ganin fuskarsa 'yan unguwa suka sa masa ɗan Sin. Duk wanda ya kira shi haka sai ya tsaya cak ya ce shi mutumin Tubbat ne, wato ƙasar da yanzu ake ce wa Tibet. Mu da muka ratso Cadi Tubawa muka sani, masu raƙuma da wuƙa a damtse, sai muka dinga dariya muna cewa yau ga Batube fari. Ya gaji da gyarawa ya bari, sunan ɗan Sin ya bi shi.

Ban so mutumin nan ba, gara in faɗa tun yanzu. Ya kafa teburinsa kusa da rumfata ya cinye mini rabin inuwar la'asar. Shayinsa da gishiri da man shanu yake dafawa, warin ya biyo ta kafar bango ya hana ni jin daɗin kokona. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaisuwarsa. Ka tambaye shi kwana, ka tambayi gida, ka tambayi gajiya, ka tambayi zafi, shi kuwa ya ɗan rusuna ya ce alhamdu lillahi ya wuce, sai ka ce maganar ciwo take yi masa. Shekara biyu muna raba bango ɗaya, ban san ko yana da uwa ba.

Ana saura 'yan kwanaki a hau Arfa ya zo ya tsuguna a bakin rumfata, abin da bai taɓa yi ba. Larabcinsa duk a karye yake, nawa kuma na kasuwa ne, amma mun fahimci juna. Ya ce ya ga wani mai babbar riga yana zuwa wurina kowace shekara yana sayen yadi turmi-turmi. Na ce sakataren wani minista ne daga ƙasarmu, garinsu ɗaya da mahaifina, kuma ni ke kai musu kayan har masauki in gaida ministan baki da baki. Na faɗi haka ina hura hanci. Sai ya ce so yake in kai shi.

A ranar na ji labarinsa. Su Musulmi ne 'yan kaɗan a wani birni mai suna Lhasa, tun kaka da kakanni. Sojojin Sin suka shigo suka mamaye ƙasar. Da Musulmin suka ce a bar su su fita, sai aka hana a sayar musu da abinci, aka kama shugabanninsu. Yayansa, wanda ke karantar da yara a makarantar masallaci, yana cikin waɗanda aka kama. Sauran an bar su sun tsallaka Indiya, shi kuma ya lallaɓo har Makka, domin a ganinsa nan ne kaɗai wurin da manyan ƙasashen Musulmi ke taruwa a titi ɗaya. Ya ce ba soja yake nema ba, ba sadaka ba. Wani babba ɗaya yake so ya buɗe baki a bainar jama'a ya ambaci waɗanda ke kurkuku, domin mutumin da aka san duniya tana tambayarsa ba a cika barinsa ya ruɓe a ɗaki ba. Ya je wa manyan ƙasashe da yawa, kowa ya ce masa in sha Allahu, bukura, wato gobe.

Maimakon tausayi, fushi ne ya taso mini. Na ce masa mu nan da yake gani, an sayar da wasunmu a hanyar zuwa, ana kamo wasunmu a zuba a jirgin ruwa don ba su da takardar zama, kuma ministocin nan suna zuwa duk shekara suna gani, ba wanda ya taɓa tari a kanmu. Ana ta kai, wa yake ta kaya? Ya saurare ni har na gama, ya ce haka ne, sannan ya sake cewa in kai shi. Na yarda. Ba don Allah na yarda ba, so nake mutumin da ya raina gaisuwata ya ga irin ƙofar da nake shiga.

Kwana biyu muka yi muna rubuta takardar. Yana faɗa da Larabci ina juyawa da Hausa cikin ajami, don na san ministan ya fi jin daɗin karanta ajami. Nan ma sai da muka yi rigima. Bayan maganar yayansa sai ya shiga lissafa abin da aka yi wa sauran mutanen ƙasar, waɗanda ba Musulmi ba: an rushe wuraren ibadarsu, an tara malamansu masu jar riga ana dukansu a gaban jama'a, an kori babbansu daga ƙasar. Na ajiye alƙalami na ce wannan ba zai shiga ba. Wane minista ne zai taso daga jifan Shaiɗan ya tsaya yana kare masu gumaka? Na ce ya cire, ya bar maganar Musulmi zalla, ita ce za ta ci kasuwa.

Ya kafe kai da fata. Ya ce, "Su suka ba kakanninmu filin masallaci, su suka ba mu maƙabarta. Ɗaki ɗaya aka kulle su da yayana. In cire su in ce me?"

Na rubuta ina tsaki, har alƙalamin yana kartar takarda.

Washegarin da aka sauko daga Mina, ranar da za mu je, ya zo rumfa da hantsi ya ce in yankar masa farin yadi mafi kyau, kamu huɗu, mara faɗi. Ni mai sayar da likkafani, in mutum ya nemi ɗan ƙaramin yanki ba na tambaya, na san jariri ne ya koma. Na ɗauko wanda na riga na jiƙa da Zamzam, na turare shi da kafur kamar yadda nake yi wa na manya, na yanka masa daga bakin turmi inda shuɗin tambarin masaƙa yake. Har na ce masa Allah ya ba da haƙuri. Ya dube ni kamar bai gane ba, ya yi godiya ya tafi. Da na ƙara kalma ɗaya na ce na wa ne, da duk abin da ya biyo baya bai faru ba. Amma ai ba ma doguwar magana da shi, kuma ni na fi shi riƙo.

Bayan la'asar muka isa masaukin, wani dogon gida kusa da Harami. Ministan yana zaune a kan kilishi ya jingina da tumtum, an yi masa askin sauka daga harami, kansa yana sheƙi. Mutanensa sun cika ɗakin, sakataren yana gefensa, wani ƙaton mai tsaronsa yana tsaye a bakin ƙofa. A kusurwa ga ɗaurin likkafanin da na kawo musu tun kafin Arfa. Shekarar nan siyasar gida ta yi zafi. Labarin da alhazai ke kawowa duk na duka ne da ƙone-ƙone, kowane babba yana yawo da laya a damtse, ba ya cin abincin da bai san hannun da ya dafa ba.

Na durƙusa na yi gaisuwa, na ce ranka ya daɗe ga wani maƙwabcina yana da kuka. Ministan ya yi murmushi ya ce bismilla. Maƙwabcina ya matsa gaba a sunkuye. Maimakon ya karɓi takardar a hannuna ya miƙa, sai ya sa hannu a ƙirji ya zaro farin yadin nan. Ashe tun a gida ya kalmashe bakin yadin, ya yi masa 'yan geza. Ya warware shi a kan tafukansa biyu, ya ɗaga, ya nufi wuyan ministan da shi.

Ƙamshin kafur ne ya fara cika ɗakin. Sannan kowa ya ga shuɗin tambarin, irin wanda ke jikin ɗaurin da ke kusurwa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya da sauri kamar ta ministan nan ba. Ya ja da baya har kansa ya bugi bango, yana karanta innalillahi. Wani daga baya ya ce likkafani ne, likkafani ya kawo masa. Ƙaton nan ya yi tsalle ɗaya ya shaƙe maƙwabcina ta baya ya maka shi da ƙasa. Ɗaki ya ruɗe, masu cewa turo shi aka yi, masu cewa sammu ne, masu cewa a kira askar, 'yan sandan garin.

Sakataren ya damƙi wuyan rigata. Ya ce, "Kai ka kawo shi, kuma yadinka ne. Wane ne shi? Wa ya aiko shi?"

Ni kaina a lokacin na ɗauka abin da suka ɗauka, don a duniyar da na sani ba a miƙa wa mai rai farin alawayyo mai kafur. Na tuna ba ni da takardar zama, na tuna in askar suka zo ni za su fara tambaya. Sai na ji bakina yana cewa, "Wallahi ban san shi ba, ranka ya daɗe. Wani ɗan Sin ne kawai da ke zaune a unguwarmu."

Ministan ne ya hana a kira askar, ba ya son surutu ya kai gida. Aka ja mutumin a ƙasa har matakala, aka watso masa hularsa, ni ma aka ce in ɓace. Yadin kuwa da sanda wani ya ɗauke shi, aka ce a kai a ƙone.

A hanyar hawa dutse na cim masa, yana tafiya yana ɗingishi, leɓensa ya fashe. Ni da ya kamata in yi shiru, ni na hau shi da faɗa. Na ce ya so ya kashe ni, ya zubar mini da mutuncin da na yi shekaru ina tarawa, wane irin mahaukaci ne ke kai wa mai rai likkafani? Ya tsaya ya jingina da wani bango har numfashinsa ya dawo. Sannan ya gaya mini, a hankali, cewa a ƙasarsu ba a zuwa gaban babba hannu sake. Farin ƙyalle ake miƙawa da hannu biyu, alamar zuciyarka fara ce game da shi, in ya karɓa ya mayar maka a wuya to ya karɓi maganarka ke nan. Na siliki suke yi. Guda uku ya fito da su daga gida, duk ya ba wa manyan da suka ce masa bukura, shi ya sa ya zo wurina.

Na ce to me ya hana shi gaya mini. Ya ce ban tambaya ba. Ya ɗan yi gaba, sannan ya juyo.

Ya ce, "Ba na jin harshenku, ya jari. A duk abin da kuka faɗa a ɗakin nan kalma ɗaya na gane, kuma daga bakinka ta fito."

Ya jari, wato maƙwabcina. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Takardar tana aljihuna, don ni na riƙe ta da za mu shiga. Kwana biyu ina juyayi, a na uku na koma masaukin. Na tarar ana ta ɗaure kaya za a wuce Madina. Na yi wa sakataren magiya, na haɗa shi da kabarin mahaifina, kafin ya bar ni na shiga. Na durƙusa na warware wa ministan komai, na ce kuskuren nawa ne, ni na yanka yadin ban tambaya ba, ni na sa kafur. Ya saurara, har ya yi dariya, irin dariyar wanda ya tsorata a gaban yaransa yana son a manta. Ya ce kowace ƙasa da al'adarta. Ya karɓi takardar ya karanta, ina kallon idonsa yana bin layi. Da ya kai wajen masu jar riga sai ya ɗaga gira ya ce har da waɗannan?

Na ce ranka ya daɗe ɗaki ɗaya aka kulle su. Ban san lokacin da maganar mutumin ta zama tawa ba.

Ya ninke takardar. Ya ce abin ba daɗi, Allah ya isar musu. Amma shi ba shi ke riƙe da harkar waje ba, ƙasa tana da bakin da take magana da shi, kuma ƙasar da aka haifa jiya ba ta tsokano babbar ƙasa a kan mutanen da ba ta ma san inda suke a taswira ba. Wannan mutumin fa, a Mina na ji shi da kunnena yana jawabi a kan cewa Musulmi jiki ɗaya ne, har muryarsa ta dushe, alhazai suna kabbara. Na ce ranka ya daɗe ba yaƙi aka ce a yi ba, sunan mutum ɗaya za ka ambata a inda za a ji. Sakataren ya taka mini ƙafa.

Ministan ya ce, "A gaya masa mun sa shi a addu'a."

Ya tura takardar ƙarƙashin tumtum ya juya ya shiga tambayar ko an sayo dabinon da ya ce. Na fito ina jin ƙiyayyarsa har cikin haƙorina, kuma har yau ban daina ba. Da ya ce mini tsoro yake ji da na girmama shi, don ni ma na san tsoro, a ɗakin nan na nuna nawa. Addu'ar ce ta tsaya mini a wuya. A garin da kowane mai shara yake addu'a sau ɗari a yini, ba ita maƙwabcina ya hau matakalar ministan nema ba.

Na je na faɗa wa maƙwabcina yadda aka yi, ban rage ba ban ƙara ba. Yana ɗinki bai ɗago ba. Ya tambaya ko ministan ya karanta har ƙarshe, na ce ya karanta. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da soka allura. Daga ranar na daina kiransa ɗan Sin, na kuma yi faɗa da mutum biyu a unguwa a kansa, amma shi bai sake tsugunawa a bakin rumfata ba. Hajjin da ya biyo baya na gan shi a ƙofar masaukin wasu manya na wata ƙasar, yana tsaye a rana da takarda a hannu. Na bayansa ma haka. Ban ji ranar da wani daga cikinsu ya ambaci ƙasarsa ba, ko a rediyo ko a kan mumbari.

Ana cikin haka ya tashi daga Nakkasa ya koma Rusaifa, kusa da wasu 'yan ƙasarsu biyu da suka zo daga baya. A bakin wani mai sayen hula na ji cewa wasiƙa ta zo masa daga Indiya. Yayan ya rasu a kurkuku, tun da daɗewa ma, ba a san ranar ba, ba a ba da gawar ba. Na rufe rumfa da azahar na tafi da ƙafa.

Su uku na tarar a zaune a kan tabarma, ba wani mai ta'aziyya. Na yi sallama, na tsuguna na yi addu'a, na ce Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ya amsa da amin. Ya tashi da kansa ya zubo mini shayin nan mai gishiri, na shanye shi tas. Sai na fara kame-kame, na ce hajji ya kusa, na ji za a zo da wani sabon minista mai jin magana, in yana so sai mu gyara takardar, wannan karon ni zan yi bayani da bakina tun kafin a shiga.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Na gode, ya jari. Yanzu ba sai kowa ya yi magana ba."

Na zauna har aka kira la'asar. Muka tashi mu huɗu muka tafi masallaci.